Wa Ya Shuka Ɗorawar da ke Gonarka?

A taron wata ƙungiyar manoma da na halarta da kakar da ta wuce, wani dattijo ya kawo kuka cewa ɗorawa ta ƙi haihuwa, kalwa ta yi tsada, mata suna shan wuya wajen daddawa. Aka yi ta shawarar a nemo dashe daga gandun renon itatuwa. Ni kuwa sai na tambayi jama'ar da ke wurin, na ce a cikinsu wane ne ya taɓa shuka ɗorawa ko kaɗanya ko kanya da hannunsa. Mutum biyu kaɗai suka ɗaga hannu, alhali kowa yana da itatuwan nan a gonarsa, waɗansu ma sun girmi kakanninmu. Yawancinsu dabbobi ne suka shuka, kuma dabbobin nan su ne muke ta ƙararwa da gwafa da tarko da wutar daji. Ra'ayina shi ne, ƙungiyar da ta kashe kuɗi kan dashe amma ta ƙyale farauta yadda take, rabin aiki ta yi.

Mu fara da jemage, gama shi ne aka fi rena wa. Jan furen ɗorawa mai kama da tuntu da yamma yake buɗewa, ya kwana yana zubar da ruwa mai zaƙi. Jemage yakan zo ya sha, garin furen ya manne masa a gashi, ya tashi ya kai wa wata ɗorawar. Tun a 1957 masana suka rubuta wannan bayan sun lura da shi a ƙasar Gana. Ƙudan zuma ma yana taimakawa da sassafe, ba na ƙin wannan, amma jemage ya fi shi nisan tafiya, yana haɗa itatuwan da ke nesa da juna. Haka yake yi wa kuka da rimi. Duk mai shan miyar kuka yana cin moriyar jemage ko bai sani ba.

Ba nan aikinsa ya tsaya ba. Yana cin ɓaure da sauran 'ya'yan itace masu ƙananan iri, ya kasayar da irin yana cikin tashi. Wani bincike da aka buga a 2016, inda aka ɗaura wa manyan jemagun birnin Akra 'yan na'urori masu nuna inda suka bi, ya nuna cewa suna iya kai iri har nisan kilomita 75. Wane malamin gona ne zai yi wannan a dare ɗaya, ba albashi ba keke?

Wani zai ce, to me ya hana irin ya faɗi gindin uwarsa ya tsiro a nan? Ku je ku duba gindin babbar kaɗanya. Iri da yawa ne a ƙasa, amma da wuya ka ga wanda ya zama itace. Inuwar uwar ta rufe shi, ƙwarin da suka saba cin wannan iri a nan suke taruwa, cututtukan wannan itace kuma a ƙasar gindinsa suka fi yawa. Irin da biri ko jemage ya ɗauka ya yar can nesa, shi ne ya tsere wa maƙiyansa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa idan ka shiga kurmi ba za ka tarar da itace iri guda ya cinye wurin ba, sai ka ga wannan kusa da wancan, kowanne dabam. Har dabbobin da ke cinye iri da tsiro, kamar gada da kurege, suna da nasu amfani, domin sukan rage wanda ya yi yawa, mai ƙaranci ya sami wurin numfashi.

A manyan kurmukan kudu abin ya fi fitowa fili. A Jihar Kuros Riba an gwada kurmin da ake tsaronsa da wanda mafarauta suka yi wa yawa, aka buga sakamakon a 2013. Manyan itatuwa kusan iri ɗaya ne a duka biyun, wanda ya ratsa ba zai ga bambanci ba. Amma a inda aka kashe birai, ɓeraye sun yi yawa, tsiron itatuwa masu manyan 'ya'ya waɗanda birai ke yaɗawa ya ragu, sai tsiron da iska ke kawo irinsa ya soma maye wurin. Watau kurmin yana tsaye kore shar, amma magadansa sun sake. Kamar ƙauye ne da ya cika da tsofaffi ba yara. Ba a ganin hasarar sai bayan shekaru masu yawa, sa'ad da tsofaffin suka soma faɗuwa.

Giwa kuwa ita ce mai ɗaukar babban kaya. Akwai 'ya'yan itace da suka fi ƙarfin bakin biri, sai ita ke haɗiye su, ta yi tafiya mai nisa ta ajiye su cikin tulin kashinta, iri da taki wuri ɗaya. A kurmin Kibale na Uganda akwai wata 'yar'uwar aduwa wadda irinta ba ya tsirowa sosai sai ya bi ta cikin giwa. A 2021 aka sa giwar kurmi ta Afirka cikin dabbobin da ke bakin ƙarewa, bayan ta ragu da fiye da kashi 86 cikin ɗari a shekara 31. Na san 'yan'uwanmu na kewayen Yankari ba za su ji daɗin yabon giwa ba, gama garke ɗaya yana iya share gonar mutum kafin gari ya waye. Kukansu gaskiya ne, kuma hakkin hukuma ne ta tsare gonakinsu ta biya wanda aka yi wa ɓarna.

Gafiya fa? Ita ce muke cinna wa daji wuta dominta. A kurmin Ngel Nyaki da ke kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba, masu bincike sun ga tana kwasar manyan iri tana binnewa nan da can domin gobe. Ta ci waɗansu, ta manta da waɗansu, waɗanda ta manta suka tsiro. Mu kuwa saboda nama da bai cika tukunya ba, sai mu ƙone eka da yawa, tsiron shekara uku ya tafi tare da ciyawar shanu.

Ko akuyarmu ta gida tana cikin lissafin. A gandun reno mukan jiƙa irin gawo da ruwan zafi ko mu ɗan kankare shi kafin ya tsiro, saboda taurin ɓawonsa. Cikin akuya da na saniya yana yin aikin nan kyauta. Sai dai bakin da ya shuka shi ne kuma yake cinye tsiron da rani, idan ba a kewaye shi da ƙaya ba. Manoman yankin Maradi a Nijar, tun daga 1983, sun nuna cewa idan aka bar tohon da ke fitowa da kansa, aka sassabe shi aka tsare shi, gona takan cika da itatuwa ba tare da sayen dashe ba.

Ba ina cewa a bar biri ya cinye masara ba, ko jemage ya ƙare mangwaro. A yi tsaro, a kora. Kuma kada yara su riƙa wasa da jemage ko cin abin da ya gatsa, domin waɗansu jemagu suna ɗauke da cuta mai tsanani. Nisantarsa ya fi kashe shi lafiya. Abin da nake roƙon shugabannin ƙungiyoyi shi ne, kafin ciyawa ta bushe su zauna da mai gari da sarkin baka da makiyaya, a yarda a kan daina ƙona daji saboda gafiya, a bar itacen da jemagu ke kwana, a keɓe kurmin bakin rafi kada a yi farauta cikinsa. Ƙungiyar da ta yi haka, ta ƙidaya ƙananan ɗorawa da kaɗanya da ke gonakin 'ya'yanta bana, ta rubuta a littafin sakatare, ta sake ƙidayawa bayan damina uku, ta aiko mana da abin da ta samu mu buga a wannan shafi.