Ina Daura Take a Cikin Hotunan Hawan Daura?

Duk shekara, da zarar an sauko daga Idi, ko an kammala Hawan Magajiya, ko an watse daga Sallar Gani, hotunan Daura kan cika Facebook da Instagram da shafukan jaridu. Kusan dukkansu kamarsu ɗaya: mahayi guda, rawani ya zauna daram, amawali ya rufe baki, doki ya sha ado tun daga linzami har jalala. Bayan mahayin kuwa babu komai sai wani hazo mai launin ƙasa. Hotuna ne masu kyau, amma da za a goge rubutun da ke ƙasansu, babu wanda zai iya rantsuwa cewa a Daura aka ɗauke su, ba a Kano ko Katsina ko Zariya ko Bida ba. Garin da ake kira tushen Hausa Bakwai ya ɓace daga hotunan bikinsa. Wannan ɓacewa kuwa tana da masu laifi guda biyu: mai ɗaukar hoton da ya zaɓi gilashin da ke yanke gari, da mai biyan kuɗin hoton da bai taɓa tambayar ina garin ya shiga ba.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a fahimci kayan aikin. Gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara, wato idonta, ana auna shi ne da milimita. Idan lambar ta yi ƙasa, idon yakan buɗe ya kwashi fili mai yawa. Idan ta yi sama, sai ya tsuke ya janyo abin da ke nesa. Ƙwararrun masu ɗaukar hoto kan riƙe iri biyu masu zuƙowa. Akwai dogon ido, wanda ya fi shahara a awon milimita 70 zuwa 200. Akwai kuma faffaɗan ido, kamar mai milimita 16 zuwa 35 da Canon da Sony ke ƙerawa, ko mai 14 zuwa 24 da Nikon ta fitar a 2007. A kan babbar kyamara mai cikakken faranti, milimita 200 na ganin kusurwar da ba ta wuce digiri 12 ba, alhali milimita 16 na ganin kusan digiri 107.

Lissafin ya fi fitowa idan aka kai shi ƙofar fada. Mutumin da ya tsaya mita 20 daga ayarin dawaki, idan ya zuƙo zuwa milimita 200, faɗin abin da zai shiga hotonsa mita 3.6 ne kacal, wato doki guda da mahayinsa. Idan ya buɗe ƙofar haske zuwa f/2.8, kamar yadda ake yayi, zurfin abin da zai fito tangaran bai kai mita 2 ba. Duk wanda ke bayan dokin ya narke ya zama hazo. Daga wannan wuri dai, milimita 16 za ta kwashi faɗin mita 45. Idan aka tsuke ƙofar hasken zuwa f/8, aka saita gani a kan tazarar mita guda da 'yan kai, komai zai fito sarai tun daga ƙafar mai hoton har ƙarshen gani. Bambancin filin da idanun biyu ke ɗauka ya haura ninki 150. Tambayar ita ce: me ke cikin wannan fili da ake zubarwa?

Abin da ake zubarwa shi ne hawan kansa. Hawa tsari ne, kuma a cikin tsarin ma'anarsa take. Wane hakimi ne ya gabaci wane, ina 'yan lifida suke, ina 'yan bindiga, ina dogarai suka yi wa Sarki zobe, ina zagage, daga wane ɓangare kakaki da tambari ke tashi, a gaban wa ake jahi, wa ke jinjina wa wa: duk wannan bayani ne a kan yadda masarauta ke kallon kanta. A Daura abin ya fi haka nauyi, domin sarautu irin su Galadima da Kaura da Magajiya suna ɗauke da tarihin da ya girmi jihadin ƙarni na 19, kuma Hawan Magajiya kansa tuni ne ga matsayin mace a garin da sarauniyoyi suka mulka. Sannan ga jama'a, mutanen Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, da baƙin da ke tsallakowa daga Nijar, waɗanda dominsu Sarki ke fitowa. Hoton da ya ɗauki alkyabba ya watsar da masu kallo ya juya al'amarin: ya mai da ganawar Sarki da talakawansa ta zama nunin tufafi.

Akwai kuma hakkin waɗanda ba a haifa ba tukuna. Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, Sarki Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar kuma daga 2007. Sarki goma zamani goma, kuma abin da ke nuna zamani a hoto yana bayan doki ne. Rawani da lifidi ba su cika sauyawa ba. Abin da ke sauyawa shi ne katanga, da itatuwa, da rufin gidaje, da suturar masu kallo, da abin da yara ke riƙe da shi. Mai binciken tarihi da ya samu tsohon hoto yakan fi daɗewa yana duba gefensa fiye da tsakiyarsa. M. G. Smith ya wallafa littafinsa a kan siyasar Daura a 1978, ya tsare tsarin sarautu a rubuce. Hoto ne ya kamata ya tsare yadda tsarin ke bayyana a fili. A Disambar 2024 UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Duk ranar da Daura ta tashi neman irin wannan matsayi ga Sallar Gani, za a nemi shaidar cewa al'umma ce ke raya bikin, kuma dubban hotunan fuskokin mahaya ba za su bayar da wannan shaida ba. Ranar 15 ga Yulin 2025 da aka binne tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, ta isa tunatarwa cewa akwai ranakun da ba sa maimaituwa. Abin da ido bai kwasa ba a ranar ya tafi ke nan.

Hatta a ranakun da babu hawa, faffaɗan ido ne kaɗai ke iya faɗin gaskiyar wasu wurare. Rijiyar Kusugu tana cikin gini ne, babu filin da mutum zai ja da baya. Dogon ido ba zai ɗauki komai ba sai guga ko hannun mai ja. Haka zaurukan gargajiya: gwanintar maginin Hausa tana sama ne, a bakan gizo da daurin guga da jerin azara, kuma ba a ganin yadda rufin ya haɗu da bango da mutanen da ke zaune ƙasa sai da idon da ke buɗewa.

Masu kare dogon ido suna da hujjojinsu, kuma ba duka ne na banza ba. Ta farko, suna cewa faffaɗan ido na lalata siffa: yana kumbura hancin doki, ya miƙe fuskar wanda ke gefe, ya sa soro kamar zai kife. Gaskiya ne yana yin haka a hannun wanda bai san shi ba. Girman abu a hoto ya dogara ne a kan tazararsa da kyamara, don haka wanda ya cusa milimita 16 a fuskar basarake ya ci mutuncinsa da hannunsa. Maganin sananne ne: a ajiye fuskoki kusa da tsakiya, a riƙe kyamara a miƙe ba a ɗaga bakinta sama ba, idan mutum ne abin nufi a zuƙo zuwa milimita 35 a ja da baya kaɗan. Amfanin gilashi mai zuƙowa ke nan, ga shi kuma yana raba mutum da sauya gilashi a tsakiyar ƙurar kofato, wadda ke shiga cikin kyamara ta ɓata aiki.

Hujja ta biyu ba a cika furta ta ba, amma ita ce ta fi ƙarfi. Faffaɗan ido na tona asiri: ga wayoyin lantarki, ga turakun sadarwa, ga ledar ruwa a ƙasa, ga yaro babu takalmi, ga allon ɗan siyasa. Dogon ido kuwa yana share duk wannan cikin ladabi. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Daura gari ne mai rai, mai jami'ar sufuri da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, mai babura da wayoyin hannu, mai talauci da arziki. Wanda ke jin kunyar bayan hoton, garin yake jin kunya. Kuma hoton da aka tsarkake daga zamaninsa yana ciyar da tsohon kallon baƙi, wanda ke son ganin ƙasar Hausa a matsayin wurin da agogo ya tsaya. Abin takaici ne a ce 'yan gida ne yanzu ke ɗaukar irin wannan hoto da kuɗinsu.

Hujja ta uku ita ce haɗari da ladabi. Faffaɗan ido na bukatar kusanta, doki mai sukuwa kuwa ba ya sanin ɗan jarida, dogari ma ba ya wasa da mai ratsa ayari. Wannan gaskiya ce, kuma a nan dogon ido yana da gurbinsa: lokacin jahi, hankali ya ce a tsaya nesa. Sai dai sau da yawa nisan ba don tsoron kofato ba ne, don gudun gaisuwa ne. Wanda zai yi aiki da milimita 24 dole ya zo da wuri, ya gabatar da kansa ga fada, ya nemi izini, ya san inda aka yarda a tsaya, ya bari mutane su gan shi. Matar da ba ta son a ɗauke ta tana da damar juya baya ko ta ce a'a. Mai dogon ido kuwa yana iya satar fuskarta daga tsallaken titi ba ta sani ba. Idan ana maganar kunya da mutunci, wanda ake gani ya fi wanda ke leƙe. An ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma da yawa daga masu hoton hawan Daura hange kawai suke yi.

Hujja ta huɗu ita ce faffaɗan ido ma yana ƙarya. Haka ne. Dillalan gidaje na amfani da shi su mai da ƙaramin ɗaki fili, masu yi wa 'yan siyasa hoto kuma kan durƙusa a gaban taro su cika hoton da kawuna. A 2020, lokacin annobar korona, wasu masu hoto biyu na kamfanin Ritzau Scanpix a birnin Kofanhegan na Danmak sun ɗauki wurare iri ɗaya a lokaci ɗaya, ɗaya da dogon ido ɗaya da faffaɗa. Mutanen da suka bayyana a cunkushe a hoton farko, sai ga su da tazara a na biyu. Darasin shi ne kowane gilashi na iya karkata gaskiya, amma ba daidai suke ba wajen kama su. Faffaɗan hoto yana barin katanga da titi da itace, abubuwan da ɗan gari zai auna da su ya gane an yi masa wayo, domin ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Hoton da aka shafe bayansa bai bar wa kowa ma'auni ba.

Saura hujjar tsada, kuma ita ce mafi rauni. Ƙwararren faffaɗan gilashi yana da tsada, amma dogon da ake rataye da shi ma ba kyauta aka samo shi ba. Akwai na hannu, akwai na kamfanoni irin su Sigma da Tamron masu sauƙi. Wanda kyamararsa ke da ƙaramin faranti sai ya tuna cewa milimita 16 a wurinsa tana aiki ne kamar 24 ko 26, don haka mai farawa daga 10 ko 11 ya fi dacewa da shi. Wayoyin hannu da yawa ma yanzu suna da faffaɗan ido a maɓallin 0.5. Sau da yawa yaron da ya ɗaga waya daga kan katanga ya fi ƙwararren da ke ƙasa adana tarihi, ba tare da ya sani ba.

Gyara yana hannun masu biya. Editan jarida, da jami'in yaɗa labarai na ma'aikata, da ƙungiyar ci gaban gari, da ɗan sarautar da ya ɗauko mai hoto don hawansa, kowannensu na iya sanya sharaɗi guda a cikin yarjejeniya: a kowane hoton fuska, a kawo wani da ke nuna inda fuskar take, da su wa take tare, da abin da ke bayanta. A rubuta rana da wuri da sunan hawan. A ajiye ainihin hotunan a wurin da ba zai mutu da mutuwar waya ko rufe shafi ba, a majalisar masarauta ko ɗakin karatu. Masu hoto kuma su daina auna gwaninta da yawan hazon da ke bayan mahayi. Narkar da baya aikin gilashi ne, kowa ya saya zai iya. Tsara mutum ɗari da doki ashirin da ƙofar fada a cikin hoto guda, kowa a gurbinsa, shi ne aikin da ke bukatar sanin gari, kuma shi ne jikokin waɗanda ke tsaye a bakin titi za su nema ranar da suka zo tambayar yadda Daura take.