A Tona Kafin A Shuka: Darasi Daga Ƙasar Dakalin Kwari

Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa ya san bambancin tudu da fadama. A tudu ake shuka gero da gyaɗa da wake, a fadama kuwa shinkafa da rake, sa'annan kayan lambu idan rani ya yi. To, amma tsakanin waɗannan biyu akwai wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda ta ɗara fadama tsawo, ba ta kuma kai tudu ba. Idan aka dube ta da rani, sai a ga ta bushe sarai, ga laushi, ga daɗin huɗa, har mutum ya rantse ba ta da wani aibi. Sai damina ta nutsa, masarar da aka shuka a kanta ta yi rawaya ta tsumbure, alhali kuwa ba a ga ruwa kwance a gonar ba. A nan manomi kan zargi taki ko iri, ba tare da sanin cewa matsalar tana ƙarƙashin ƙafarsa ba.

Ra'ayina shi ne, irin wannan hasara tana da magani mai araha, wato a koya wa ɗaliban sakandare yadda ake tona rami a karanta ƙasa a kuma ba ta ajinta. Rarraba ƙasa aji-aji aiki ne da ya shafi abincinmu da gidajenmu kai tsaye, saboda haka bai kamata a bar shi a matsayin jerin sunayen da ake haddacewa don jarrabawa ba.

Yadda dakalin kwari yake samuwa

Kogi ba ya zama wuri ɗaya. Duk lokacin da ya yi ambaliya yakan baza abin da ya ɗauko a gefensa, shekara bayan shekara, har fadama ta samu. Idan zamani ya yi nisa, kogin ya ƙara zurfafa hanyarsa, sai ya kafa sabuwar fadama a ƙasa, ya bar tsohuwar a sama inda ambaliya ba ta cika kaiwa ba. Wannan tsohuwar fadama ita ce za mu kira dakalin kwari, domin ta yi kama da dakalin ƙofar gida: shimfiɗaɗɗe a sama, da ɗan gangare a bakinsa. Ana samun irinsa a gefen manyan koguna da ƙanana, a wasu wuraren ma hawa biyu ko uku.

A shekarar 1935 wani masanin ƙasa mai suna Geoffrey Milne, wanda ya yi aiki a Afirka ta Gabas, ya bayyana cewa ƙasashen da ke kan gangare ɗaya, daga ƙololuwar tudu zuwa gindin kwari, suna jere ne kamar sarƙa, kowace da halinta gwargwadon yadda ruwa yake bi ta cikinta. Dakalin kwari ƙulli ne a tsakiyar wannan sarƙa. Ruwan da ya nutse a tudu yana biyowa ta ƙarƙashin ƙasa ya iske shi, ga kuma ruwan saman da ke sauka a kansa, ga shi ba shi da gangaren da zai kore su da sauri.

Ƙwayoyin ƙasa iri uku

Masana sun kasa ƙwayoyin ƙasa gida uku bisa girmansu. Rairayi shi ne mafi girma, daga milimita 0.05 zuwa milimita 2. Yumɓu shi ne mafi ƙanƙanta, bai kai milimita 0.002 ba. Abin da ke tsakaninsu, wato daga 0.002 zuwa 0.05, shi ne za mu kira turɓaya, domin ita ce kalmarmu mafi kusa da shi. Idan ka murza ta a busasshe za ka ji ta kamar garin alkama. Idan ka jiƙa ta za ka ji santsi, amma ba ta danƙo kamar yumɓu, ba ta kuma miƙewa idan ka matsa ta tsakanin yatsu, sai ta kakkarye.

Ƙasar dakalin kwari sau da yawa turɓaya ce ta rinjaya a cikinta, saboda ruwan ambaliya mai tafiya a hankali ita yake ɗauka zuwa nesa da bakin kogi, ya bar rairayi mai nauyi a kusa. A arewacin Nijeriya akwai ƙarin wata hanya, wato ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Wannan ƙura tana cikin dalilan da suka sa saman ƙasar yankin Zariya da Funtuwa yake da laushi.

Turɓaya tana da alheri babba. A cikin ƙwayoyin nan uku, ƙasar da ta wadata da ita ce ta fi riƙe ruwan da saiwa za ta iya sha, domin rairayi yana sakin ruwa da wuri, yumɓu kuwa yana ƙanƙame wani kaso har shuka ta kasa ƙwata. Amma tana da rauni biyu. Na farko, ƙwayoyinta ba su manne wa juna sosai, don haka ruwan sama mai ƙarfi yana farfasa su, su toshe ƙofofin ƙasa, idan rana ta buɗe su yi ɓawo mai tauri wanda tsiro ke wahalar hudawa. Na biyu, zaizaya tana kwashe ta cikin sauƙi. Haka nan idan tarakta ko shanu suka taka ta tana jiƙe, takan danƙare ta daɗe ba ta warware ba.

Ajin tsanewar ruwa

Ma'aikatar Noma ta Amurka ta jera ƙasa aji bakwai bisa saurin tsanewar ruwa, kuma ana amfani da wannan jeri a ƙasashe da yawa. A farkonsa akwai ƙasar da ruwa ke zurarewa da saurin da ya wuce kima, kamar jigawa. A ƙarshensa akwai wadda ruwa ke kwance a kanta kusan kullum. Ƙasar da muke magana a kanta tana aji na biyar, wato mai ɗan jinkirin tsanewa. Ma'anar wannan ita ce, ruwa yana daɗewa kusa da sama na tsawon lokaci mai yawa a cikin damina, har ya takura wa amfanin da ba ya son jiƙa, sai fa in an yi masa magudana.

Me ya sa jiƙa ke cutar da shuka? Saiwa tana numfashi kamar kowane mai rai. Idan ruwa ya cika ƙofofin ƙasa sai ya kori iska, kuma iskar oksijin tana ratsa ruwa da jinkirin da ya kai kimanin sau 10,000 idan aka kwatanta da yadda take ratsa sarari. Cikin 'yan kwanaki saiwa da ƙwayoyin bakteriya sun cinye ɗan abin da ya rage. Daga nan wasu bakteriya sukan juya kan sinadarin naitirojin na takin da aka zuba, su mayar da shi iska ya tashi sama. Shi ya sa ganyen masara ke yin rawaya ko da an zuba mata buhun yuriya. Shinkafa kuwa ba ta damu ba, domin tana da hanyoyin iska a cikin kararta waɗanda ke kai oksijin har saiwa.

Abin sha'awa a nan shi ne, ƙasa tana rubuta tarihin ruwanta da launi. Jan launi ko ruwan ƙasa da muke gani tsatsar ƙarfe ce da ta lulluɓe ƙwayoyin. Inda ruwa ya daɗe babu iska, tsatsar takan narke ta bi ruwa, ta bar wurin da launin toka. Inda iska ta sake shiga, misali ta ramin tsohuwar saiwa, sai ƙarfen ya sake yin tsatsa, ya bar ɗigo ja ko ruwan goro. Saboda haka bangon rami a dakalin kwari yakan nuna ruwan ƙasa a sama, sa'annan sau da yawa tun kafin a kai rabin mita sai a tarar da roɗi-roɗin toka da ja. Zurfin da tokar ta fara shi ne alamar inda ruwa yake kaiwa da damina, kuma ana iya karanta wannan alama ko a tsakiyar watan Maris.

Amfanin suna

Akwai masu cewa manomanmu sun riga sun san ƙasarsu, ga jigawa, ga laka, ga dabaro, ga jangargari, ga fako, don haka ba su bukatar baƙin sunaye masu karya harshe. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, kuma duk mai binciken da ya raina ilimin manomi ya yi wa kansa. Sai dai mafi yawan sunayen nan suna bayyana abin da ido ke gani da abin da garma ke taɓawa, ba su cika faɗin abin da ke zurfin mita ɗaya ba. Bugu da ƙari, ma'anar suna ɗaya takan sauya daga wannan gari zuwa wancan.

Kimiyyar ƙasa ta faro ne daga Rasha, inda Dokucayef ya buga bincikensa a 1883, ya nuna cewa ƙasa halitta ce mai hawa-hawa wadda za a iya bayyanawa a kuma rarraba ta. Amurka ta fitar da tsarinta a 1975, wanda yanzu yake da manyan rukuni 12. Akwai kuma tsarin duniya da aka fara bugawa a 1998, mai rukuni 32 a yau. A wannan tsari na biyu, sabuwar ƙasar fadama wadda har yanzu ake ganin shimfiɗun ambaliya a cikinta ana kiranta Fulubisol, wadda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya mayar da ita toka kuwa ana kiranta Gilesol. Ƙasar dakali ta girme su, ta samu lokacin da hawanta suka bambanta, wani lokaci ma yumɓu ya gangara ya taru a ƙasa ya ƙara tare ruwa. Saboda haka akan sa ta a wani rukuni dabam, a ƙara mata laƙabin da ke nuna jiƙarta.

Amfanin duk wannan shi ne ɗaukar darasi daga wuri zuwa wuri. Idan an gwada wani iri ko wata dabarar magudana a tashar bincike kamar ta Samaru, wadda aka kafa tun 1922, sakamakon zai yi amfani ne ga gonar da ƙasarta ta yi kama da ta wurin gwajin. In babu aji, babu hanyar sanin wace gona ce wannan.

Inda kuskure ke da tsada

Ƙasa mai ɗan jinkirin tsanewa tana bakin iyaka ne, ƙaramin sauyi yana iya gyara ta ko ya ɓata ta. Idan aka tayar da kunya mai tsawo, aka yanka 'yar magudana zuwa fadama, aka riƙa zuba takin gargajiya don hana ɓawo, aka kuma guji shiga da tarakta tana jiƙe, tana iya zama gona mafi albarka a gari. Dawa ta fi gero da gyaɗa jure mata da damina, da rani kuma ga alkama da albasa da tumatir. Itatuwa masu zurfin saiwa, irin su lemo, su ne ba su dace da ita ba.

Idan kuwa aka kawo mata ruwan ban ruwa ba tare da hanyar fitarsa ba, sai ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso. Turɓaya tana zuƙo ruwa sama kamar lagwanin fitila, rana ta ƙafar da shi, gishiri da kanwa su saura a sama. Haka ta faru a kwarin kogin Indus na Pakistan, inda aka shiga kashe maƙudan kuɗi tun shekarun 1960 don ceto gonakin da jiƙa da gishiri suka ɓata. Mu ma muna da manyan ayyukan ban ruwa, kamar na Kadawa da ke sha daga madatsar Tiga ta 1974, da na Bakolori na 1978, don haka wannan darasi namu ne. Rigakafi ya fi magani. Haka nan wanda ya gina gida a dakalin kwari ba tare da bincike ba, zai iya ganin danshi yana cin gindin bango, ruwan salga kuma yana haɗuwa da na rijiya da damina.

Dole a yi gargaɗi ɗaya. Launi yana daɗewa bayan dalilinsa ya gushe. Inda madatsar ruwa ta rage ambaliya, ko kogi ya ƙara zurfi, tokar da aka gani tana iya zama ta zamanin da ya wuce. Wannan ne ya sa ake bukatar dattijon da ya shekara arba'in yana noma wurin, shi ne zai faɗi ko ruwa yana tasowa har yanzu.

Kira ga malamai da ɗalibai

Ya ku malaman kimiyyar noma da na labarin ƙasa, kayan wannan darasi ba su wuce shebur da diga da awon tela da kwalba ba. A nemi izinin masu gona, a tona rami uku masu zurfin mita ɗaya, ɗaya a tudu, ɗaya a dakali, ɗaya a fadama. Ɗalibai su auna kaurin kowane hawa, su rubuta launinsa, su murza shi a hannu. Su zuba ƙasa a kwalba da ruwa su girgiza: rairayi zai kwanta cikin kamar minti ɗaya, turɓaya cikin 'yan sa'o'i, yumɓu kuwa sai ya kwana ruwan bai washe ba. Kafin a mayar da ƙasa, a kafa bututun roba mai huji-huji a kowane rami, a riƙa auna zurfin ruwa duk mako daga Yuni zuwa Oktoba. A rubuta sunan da manomi ya ba ƙasar a gefen ajin da littafi ya ba ta.

Makarantar da ta yi haka shekara uku a jere za ta mallaki bayanin da zai amfani garinta baki ɗaya. Ɗalibin da ya taɓa ganin roɗi-roɗin toka da idonsa kuwa, duk ranar da mahaifinsa zai sayi gona ko ya aza harsashin gida a gefen kwari, zai ce masa a dakata a tona tukuna.