Layin dogon Kwatano: kada a sayar, a ba masu ƙafa da keke

Duk wanda ya tashi a Zongo ya san layin dogo, domin tashar jirgin ƙasa ta Kwatano maƙwabciyarmu ce. Turawan Faransa suka fara shimfiɗa shi a farkon shekarun 1900, ya kai Parakou a shekarun 1930, tafiyar kilomita 438. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa da Nijar, wadda muka sani da OCBN. Kakanninmu da yawa ta wannan hanya suka sauko da albasa da dabbobi, suka koma da gishiri da atamfa. Yau fa? Jirgin fasinja ya daina zuwa Parakou shekara da shekaru. Reshen gabas, wanda ke haye tsohuwar gada ya nufi Porto-Novo da Pobè, ya riga shi mutuwa. Abin da ya rage shi ne doguwar ƙasa da ta ratsa gari: wani wuri ciyawa, wani wuri bola, wani wuri rumfuna.

Ra'ayina shi ne a gyara gefen wannan layi, da duk reshen da jirgi ya bari, ya zama hanyar masu tafiya da ƙafa da masu keke. Dalilina na farko yara ne. Ni malamin makaranta ne, kullum da safe ina ganin ɗalibai suna ratsa kwalta tsakanin 'yan zem da manyan motocin da ke fitowa daga tashar jiragen ruwa. Abin da ake kira hanyar keke a garin nan kuwa, kowa ya sani ta babura ce. Yaron da ya hau keke a cikinta, to uwarsa ba ta zauna lafiya ba sai ta ga dawowarsa. Uban da ke da 'ya'ya huɗu kuma, lissafa kuɗin zem zuwa da dawowa, kwana biyar a mako, ka ga inda kuɗin cefane ke tafiya.

Layin dogo yana da abin da babu titin da ke da shi. Miƙaƙƙe ne, ba hawa ba gangara, ya bi ta Gbégamey da Houéyiho har Godomey, kuma ƙasar ta hukuma ce tun asali, ba sai an sayi filin kowa ba. Wasu garuruwa sun gane haka. Birnin Paris ya buɗe hanyar ƙafa a kan tsohon layin dogo a 1993, New York ta buɗe tata a 2009. Amma darasin da ya fi mana amfani yana cikin wata doka da Amurka ta yi a 1983: ana iya mayar da layin da aka daina amfani da shi hanyar ƙafa da keke, da sharaɗin ƙasar ta zauna a dunƙule, ranar da aka buƙaci jirgi a dawo da shi.

Wannan sharaɗi shi ne amsata ga masu cewa, malam, ai jirgi muke so, ba wurin yawo ba. Nima shi nake so. Mu da 'yan'uwanmu ke Yamai da Maradi da Malanville, wa ya fi mu buƙatarsa? Sai dai mun ga yadda alkawari ke tsufa. Kamfanin Bolloré ya shimfiɗa layi daga Yamai zuwa Dosso, aka yi bikinsa a 2016, rigimar kwangila ta shiga kotu, har yau Dosso ba ta haɗu da Parakou ba. Da zaman banza gara aikin kishiya. Kuma filin da aka bari ba mai shi, a hankali ake cinye shi: yau rumfa, gobe bulo, jibi takarda. Dakar ta iya sa sabon jirginta a 2021 ne saboda tsohon layin yana nan. Hanyar ƙafa gadi ce ga layin, ba kabarinsa ba.

Sai magana mai nauyi. Akwai bayin Allah da ke cin abinci a bakin layin nan: mai shayi, mai gasa nama, mai gyaran babur, mata masu tuwo. Ba mu manta da farkon 2017 ba, lokacin da aka share bakin tituna a Kwatano, mutane da yawa suka wayi gari ba wurin sana'a. Idan gyaran layi zai zo da irin wannan salo, to bai yi ba. A fara ƙirga su, a ware musu gurabe a jere a gefen hanyar, da haya daidai ƙarfinsu. Hanyar da ke da masu sana'a da fitila ita ce mace ke iya bi bayan isha'i ba fargaba. A dasa itatuwa, a yi magudanar ruwa saboda damina, a kafa turaku da za su hana babur shiga, in ba haka ba cikin wata guda ta koma ta 'yan zem. Inda jirgin kaya zai iya wucewa kuma, a sa shinge tsakani.

Mu ma akwai namu. Kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce a addininmu, amma sharar da ke kan layi ba daga sama ta faɗo ba. Ina kira ga limamanmu da masu unguwa da ƙungiyoyin iyayen yara su zauna, su rubuta buƙata ɗaya, su kai wa magajin gari: a gwada da yanki ɗaya daga tasha zuwa Gbégamey, kuma a zauna da mu kafin a zana taswira. In muka yi shiru, wata rana za mu ga an kewaye wurin da kwano, sai dai mu karanta allo.

Allah ya kare mana yaranmu a hanya.