Maƙoƙo mai ramarwa: jini za a tambaya, ba ƙiba ba

A ƙasar Zuru, kamar sauran sassan Arewa, da ido ake auna lafiyar mutum. Wanda ya yi ƙiba a ce ya samu kwanciyar hankali, wanda ya rame kuwa sai raɗe-raɗi ya tashi: ko ƙanjamau ce, ko tarin fuka, ko ciwon suga, ko kuma hannu aka sa masa. Akwai wata cuta da wannan awo na ido yake zaluntar masu ita har sau biyu, ita ce wadda ke sa ƙullin nan na gaban wuya, wanda likitoci ke kira tayirod, ya riƙa aiki fiye da kima. Da farko ido yana ɓatar da dangi wajen gane abin da ke damun ɗan'uwansu. Bayan an gane an fara magani, idon ne kuma ke sa su yanke hukuncin ya warke tun bai warke ba. Hausawa na cewa jiki magayi, kuma gaskiya ne a wurare da yawa, amma a wannan cuta abin da jiki ke faɗa a waje ba ya isa a dogara da shi. Matsayina shi ne, gwajin jini ne kaɗai ya cancanci ya faɗi lokacin ƙara magani, rage shi, ko ajiye shi, kuma muddin wannan gwaji yana yi wa mutumin Dabai ko Ribah ko Mahuta nisa da tsada, to rabin magani muke ba shi.

Wannan ƙulli ɗan ƙarami ne, amma sinadarin da yake zubawa cikin jini shi ke tsara saurin da jiki ke ƙona abinci, da saurin bugun zuciya, da zafin jiki. In ya yi yawa sai jiki ya zama kamar injin niƙan da aka buɗe wa wuta gaba ɗaya ba tare da hatsi a ciki ba: yana ta ƙara, yana shan mai, yana cinye kansa. Mai ciwon zai ci tuwo har ya nemi ƙari amma kullum tufafinsa na yi masa yawa. Zuciyarsa na dukan uku-uku ko yana zaune, gumi na karyo masa ko da sanyin hunturu, hannunsa na rawa, barci ya ƙaurace masa, ƙaramin abu ya fusata shi, ya riƙa yawan zuwa bayan gida. Mace kan ga al'adarta ta rikice ko ta ragu. A ƙasar da ake yaba namiji da ƙarfinsa a gona, inda al'adar golmo ta Lelna ta ginu a kan juriyar noma, jarumin da cinyoyinsa suka mutu har ba ya iya miƙewa daga tsuguno sai ya dafa, ba ƙaramin abin kunya yake ji ba, kuma sau da yawa ɓoyewa yake yi. Mafi yawan masu wannan ciwo nau'in da ake kira cutar Graves ke damunsu, da sunan likitan ƙasar Ailan, Robert Graves, wanda ya yi bayaninta a 1835. A cikinta garkuwar jikin mutum ce ke zuga ƙullin ya yi ta aiki ba hutu, wani lokacin har idanu su firfito. Ta fi kama mata nesa ba kusa ba, musamman masu shekarun haihuwa, kuma wannan ne ya sa ake saurin fassara ta da iska, ko kishi, ko baƙin cikin gidan miji.

Dole a rarrabe ta da maƙoƙon da kakanninmu suka sani, wanda rashin sinadarin aidin a abinci ke kawowa. Wancan Nijeriya ta yi masa yaƙi na gaske: tun 1993 aka wajabta sanya aidin a gishirin ci, har ƙasar ta zama ta farko a Afirka da aka yi wa shaidar cewa gishiri mai aidin ya wadaci mafi yawan gidajenta. Nasara ce da ta cancanci yabo, sai dai ta bar wata fahimta a zukatan jama'a, cewa duk kumburin wuya ƙarancin aidin ne. Mai ƙullin da ya riga ya zarce da aiki, in aka ɗura masa ƙarin aidin ba bisa umarnin likita ba, ana iya ƙara rura masa ciwon. Gishirin miya na yau da kullum ba shi da laifi, kuma kada kowa ya daina amfani da shi, amma ba shi ne maganin wannan cuta ba.

Maganin da aka fi bayarwa a asibitocinmu ƙwaya ce mai suna carbimazole, wadda ke rage yawan sinadarin da ƙullin ke haɗawa, sannan a farkon jinya akan haɗa da propranolol don ya lafar da bugun zuciya da rawar hannu. Cikin makonni kaɗan mai ciwon yakan ji ya dawo hayyacinsa. Barci ya dawo, zuciya ta natsu, kumatu su fara cikowa. A nan ne matsalar take, domin ƙa'idar wannan magani a cutar Graves ita ce a sha shi wata 12 zuwa 18 ba yankewa, kuma ko an cika wannan wa'adi, kusan rabin masu ciwon yakan dawo musu daga baya. Amma a wata na uku ko na huɗu, lokacin da ƙiba ta dawo, sai uwa ko miji ko maƙwabciya su ce alhamdulillahi an samu sauƙi, me ya rage kuma da za a ci gaba da kashe kuɗi a kemis? A wani ɓangaren kuma ga budurwa ko matar aure, wataƙila ɗaliba a Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, wadda ta ga nauyinta ya wuce inda yake kafin ciwon, ta ɗora laifin a kan ƙwayar, ta ajiye ta a ɓoye. Mutum biyu ne masu dalilai mabambanta, ɗaya na murna da ƙiba ɗaya na tsoronta, amma kuskurensu ɗaya: sun bar sikeli da madubi su yi aikin ɗakin gwaji.

Abin da ke biyo bayan yanke magani ba wasa ba ne. Zuciyar da ta daɗe tana gudu takan rikice ta riƙa bugawa ba bisa tsari ba, wanda kan kai ga shanyewar ɓarin jiki ko gazawar zuciyar kanta. Ƙashi yakan yi rauni. Mai ciki na iya yin ɓari ko haihuwar bakwaini. Akwai kuma wani tashin ciwon na gaggawa, wanda zazzaɓi mai tsanani ko haihuwa ko tiyata kan tayar ga wanda ba ya kan magani, inda jiki ke ɗaukar zafi, hankali ya gushe, kuma yana kisa in ba a kai asibiti da wuri ba. Ga wani abin takaici da ya kamata a faɗa ƙarara: ramammen da ba a gano ciwonsa ba, sau da yawa maganin ƙiba ake fara saya masa, irin ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe. Waɗannan kan kumbura fuska su buɗe ciki, su ɓoye ramar da ita ce alamar da za ta kai shi ga likita, su kuma ƙara masa haɗarin hawan jini da ciwon suga.

Wani zai ce ai ƙwararren ma'aikacin lafiya na iya taɓa jijiyar hannu ya ƙirga bugun zuciya, ya dubi nauyi, ya san inda aka kwana. Wannan yana taimakawa, amma bai wadatar ba, kuma dalilin a fili yake. Propranolol na rage bugun zuciya ko da ciwon na nan daram, don haka natsuwar zuciya ba hujja ba ce. Ita ma ƙibar, fuska biyu gare ta. Tana iya zama alamar cewa jiki na mayar da abin da ya rasa, tana kuma iya zama alamar cewa maganin ya yi yawa har ya danne ƙullin fiye da yadda ake so, mutum ya koma mai kasala, mai jin sanyi, mai kumburin fuska da taurin bayan gida. Na farko ci gaba yake buƙata, na biyu ragi yake buƙata, kuma ba idon da zai tantance su da tabbaci. Gwajin da ake kira TSH da T4 ne ke yin wannan, shi ya sa a farkon jinya ake son a maimaita shi duk bayan mako huɗu zuwa shida, sannan a riƙa tsawaita tazara in abubuwa sun daidaita. Akwai ma wani dalili da ya fi shafar mu a nan, inda duk zafin jiki sunansa maleriya ko taifot. A cikin mutum ɗari biyu masu shan carbimazole, wanda abin ke samu bai kai ɗaya ba, amma yana faruwa: ƙwayar ta karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta. Alamarsa zazzaɓi ne da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki. Wanda ya ga haka, ya dakatar da ƙwayar ya je a duba jininsa a ranar, kada ya tsaya sayen maganin zazzaɓi. Haka kuma matar da ke shirin ɗaukar ciki ko ta ga ɓatan wata, ta gaggauta sanar da likita, domin a watanni ukun farko akan sauya mata da wani maganin mai suna propylthiouracil. Mai ciwon asma shi ma ya faɗa tun kafin a rubuta masa propranolol.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na kuɗi da fifiko. Za a ce yankin da ke fama da maleriya, da mutuwar mata wajen haihuwa, da 'yan bindigar da suka raba mutanen Danko-Wasagu da Sakaba da gonakinsu, ina shi ina wata cutar ƙullin wuya? Ban raina wannan magana ba, domin mai faɗarta ya san halin da ake ciki. Sai dai lissafin bai tsaya nan ba. Wanda ba a gano ciwonsa ba ai ba zaune yake ba tare da kashe kuɗi ba: ya yi gwajin taifot sau da yawa, ya sha ƙarin ruwa, ya sayi maganin hawan jini, ya kai akuya ko kaji wurin mai magani, ga noman da ya gagara. In aka tara wannan, ya fi kuɗin gwajin da zai warware zancen tun farko. Sannan halin rashin tsaron da ake kafa hujja da shi, shi ne ma babban dalilin kawo gwajin kusa. Ƙwararrun likitocin wannan fanni a manyan asibitocin koyarwa suke, irin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Zariya da Kano. Tafiya daga Zuru zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato aikin sa'o'i ne, ga kuɗin mota na mutum biyu, ga kwana a garin da ba naka ba. Wanda aka ce ya yi wannan duk bayan mako shida, zai yi sau ɗaya ko biyu ya haƙura. Alhali jinin ne ke buƙatar zuwa wurin na'ura, ba mai jinin ba. Ana iya ɗibar jini a Babban Asibitin Zuru a rana guda da aka keɓe, a adana shi cikin sanyi, a aika, sakamako ya dawo ta waya. Irin wannan tsari ba baƙo ba ne a ƙasar nan, da shi ake jigilar samfurin masu tarin fuka da masu ƙanjamau.

Wasu kuma kan ce me zai hana a yi aiki a cire ƙullin a huta? Tiyata hanya ce ingantacciya, musamman ga mai babban maƙoƙo ko wanda ciwon ya dawo masa, haka ma shan aidin mai tururin nukiliya, wanda aka fara amfani da shi a Amurka a 1941, ake kuma yi a Asibitin Koyarwa na Ibadan da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Amma ba a shiga tiyata sai an fara daidaita jini da magani, kuma wanda aka cire wa ƙullin gaba ɗaya zai koma shan wata ƙwayar mai suna levothyroxine har ƙarshen rayuwarsa, ita ma da gwaji ake auna ta. Duk ta inda aka bi, wurin gwajin ake komawa. Addu'a kuwa, a masallaci ko a coci, ba wanda ya isa ya hana ta, kuma ba ta cin karo da ƙwaya. Abin da za a guje wa shi ne tsaga ko sakiya a gaban wuya, wurin da manyan jijiyoyin jini suke.

Game da nauyin jiki, gaskiyar da ya kamata a faɗa wa mai ciwon tun ranar farko ita ce zai ƙara nauyi, kuma wannan ba laifin maganin ba ne. Jiki ya rage ƙona abinci, amma cikin da ya saba da cin kwano biyu bai riga ya koma yadda yake ba. Abin yi shi ne a rage yawan tuwo da shinkafa sannu a hankali, a ƙara wake da gyaɗa da ƙwai da kifi da nono da ganye irin su zogale, don tsoka da ƙashi su farfaɗo, a kuma yi nesa da lemon kwalba da yawan sukari. Goro da shayi mai kauri na ƙara bugun zuciya, taba kuwa na tsananta ciwon idon masu cutar Graves. Aikin ƙarfi ya jira sai likita ya ce zuciya ta daidaita. Mai azumi ya tambayi likitansa yadda zai tsara shan ƙwayar tsakanin sahur da buɗa baki, kada ya yanke ta na wata guda.

Kirana ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi shi ne ta tabbatar ana samun gwajin tayirod a Zuru a kai a kai, ko da ta hanyar aika jini ne, hukumar inshorar lafiya ta jihar, KECHEMA, kuma ta tabbatar gwajin da carbimazole suna cikin abin da taimakekeniyar lafiya ke ɗauke wa talaka. Ma'aikatan ƙananan asibitocin Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu a koya musu cewa mai cin abinci yana ramewa, zuciyarsa na gudu, a duba wuyansa kafin a sake rubuta masa maganin taifot. Ku kuma iyaye da mazaje da 'yan'uwa, in kun ga majinyacinku ya murmure ku gode wa Allah, amma kada ku karɓe masa ƙwaya, kada ku hana shi kuɗin komawa asibiti, sai ranar da likita ya duba sakamakon jini ya ce a tsaya.