FILIN LAFIYAR IYALI: Haƙorin ɗan yaye yana cikin ƙwaryarsa

A ƙasar Damargu, daga Falanko zuwa Tanut da Belbeji, an saba ganin yaro ɗan shekara biyu ko uku haƙoransa na gaba sun yi baƙi, sun karairaye kamar tsohon dangan kara. Idan aka yi magana sai uwaye su ce: ai na ƙuruciya ne, za su faɗi wasu su fito. Wannan magana ta cuci yara da yawa.

Haƙoran farko guda 20 ne. Suna fara tsirowa wajen wata 6, su cika kafin shekara 3. Ba su fara zuba sai yaro ya kai shekara 6, na can ciki kuwa sai wajen shekara 12. Ke nan yaro zai yi shekaru da dama yana tauna da su. Wanda haƙori ke yi wa ciwo ba ya cin tuwo, ba ya barci, sai ya rame. Kuma haƙorin da ya ruɓe har saiwa yana iya ɓata sabon da ke kwance ƙarƙashinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2022, ta ce yara wajen miliyan 514 ne ke da ruɓar haƙoran farko a duniya.

Mutane suna cewa tsutsa ce ke cin haƙori. Babu tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne ƙanana da ido ba ya gani, masu zama cikin dattin da ke manne wa haƙori. Abincinsu zaƙi. In sun samu sukari sai su fitar da wani ruwa mai tsami da ke narkar da farin bawon haƙori kaɗan kaɗan, har rami ya buɗe. Miyau yana gyara ɓarnar in an ba shi lokaci. Amma yaron da ake ba zaƙi sau goma a yini, bakinsa ba ya hutawa. Da dare abin ya fi muni, don miyau yana raguwa in ana barci.

To, a duba ƙwaryar ɗan yaye. Rana ɗaya ake cire shi daga nono, a kai shi gidan kaka. Don ya daina kuka sai a dama masa kunun gero zalla, a zuba sukari. Da hantsi baba ya dafa shayi, a ɗura masa ragowar na uku, wanda ya fi kowane zaƙi. Ran kasuwa ga alewa, ga biskiti, ga dabino yana manne wa haƙori. Nonon akuya kuwa an kai kasuwa, ƙwan zabi ma an sayar, wasu har suna hana yaro ƙwai wai kada ya zama ɓarawo. Yaron nan ya rasa abu biyu lokaci guda: an ƙara masa abin da ke cin haƙori, an rage masa abin da ke gina shi.

Abin mamaki, akwai masu yin haka da gangan a ƙasashen da abinci ya wadata. A Turai da Amurka wasu iyaye sun yanke cewa ɗiyansu ba za su ci komai na dabba ba, ba nama, ba madara, ba ƙwai. Wasunsu ma ba su yarda da dafaffe ba, sai ɗanyun ƴaƴan itace da ganye. Suna ganin lafiya suke nema wa yaran. Amma ƴaƴan itace, balle busassu, cike suke da zaƙi, wasu kuma da tsami. A 1999 likitocin haƙori na jami'ar Giessen a Jamus sun duba manya masu cin ɗanyen abinci, suka tarar haƙoransu sun fi na sauran mutane zaizayewa. A 2019 majalisar manyan likitocin Beljiyam ta yi gargaɗi kada a ɗora ƙananan yara kan abincin da babu komai na dabba cikinsa. Abin da wasu suka zaɓa don ra'ayi, shi ne fari ko al'ada ke ɗora wa yaran karkara. Haƙori bai san dalili ba, abin da ya shiga baki kawai ya sani.

Damargu kuwa ba ta rasa magani ba. Ƙasa ce ta gero, kuma ƙasa ce ta kiwo. Ludayi ɗaya ko biyu na madarar akuya da aka tafasa, cikin kunun yaro, ya fi cokali uku na sukari. Idan dabbobi sun yi nisa, akwai cukun da Buzaye da Fulani ke kawowa kasuwa, yana daɗewa bai lalace ba, a daka shi a zuba cikin kunu. Sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da haƙori yana cikin madara, akwai shi kuma cikin kuka da zogale da riɗi. A haɗa da garin wake ko ƙuli-ƙuli, da ƙwai idan an samu. Likitoci sun ce a ba jariri nonon uwa kaɗai har wata 6, a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2, kada kuma a sa wa yaro sukari kafin shekara 2. Yaye ya zo sannu sannu.

Tsabta ma aikin uwa da uba ce. Da haƙorin farko ya ɓullo, a riƙa share shi da ƙyalle mai tsabta safe da dare. In yaro ya tasa a yi masa da asuwaki mai laushi ko ƙaramin burushi, da man goge haƙori kamar ƙwayar shinkafa. Bayan gogewar dare, ruwa kaɗai zai sha.

Sau ɗaya a mako uwa ta ɗaga leɓen ɗanta na sama ta duba. Farin tabo kamar alli a gindin haƙori shi ne farkon ruɓa, a lokacin ana iya tsayar da ita. Idan kuma dasashi ya kumbura yana jini, baki yana wari, kunci ya tashi, ba a jira ran kasuwa. Akwai mugun ciwo da likitoci ke kira noma, ba noman gona ba. Yana kama yara masu shekara 2 zuwa 6 waɗanda yunwa ko ƙyanda ko masassara ta raunana, ya fara daga dasashi, cikin ƴan kwanaki ya huda kunci. In ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma suna mutuwa. In an kai yaro gidan likita da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai kyau suna tsayar da shi. Ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, ba kuma aikin iska ba ne. Ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis ta buɗe cibiyar kula da masu wannan ciwo a Damagaram a 1992, a Sakkwato ma an kafa asibitinsa a 1999.

Saboda haka, magidantan Falanko da kewaye, kafin a kai ƙwaryar nono kasuwa, a fara cire rabon ɗan yaye. Kuɗin alewa a sayi ƙwai da su. Wanda ya karanta wannan fili ya karanta wa matan gidansa da maƙwabta, ungozomai kuma su kai maganar gidajen suna.