Ƙunzugu Ya Dawo, To Ina Za A Shanya Shi?

Maganar yau tamu ce mu kaɗai, ko da yake na san maigida ma yakan leƙa wannan fili in ya ga ba kowa kusa. To ya leƙa, domin kuɗin sabulu daga aljihunsa zai fito.

Ke da ke aiken yaro kanti kin san yadda audugar mata ta koma. Tun ran 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, sa'an nan a watan Yuni aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuɗin ƙunshi ɗaya ya ninka har ya wuce. A farkon 2020 Gwamnatin Tarayya ta ɗauke harajin VAT daga kan audugar da ake yi a gida Nijeriya, amma wannan bai tare kome ba, domin yawancin kayan haɗa ta da dala ake sayo su daga waje. Gidan da ke da uwa da 'yan mata uku kuwa, kowane wata lissafin sau huɗu ne. Saboda haka mata da yawa sun koma ga ƙunzugu, wasu na tsohon zane, wasu kuwa irin wanda teloli da ƙungiyoyin mata ke ɗinkawa, mai ninkin yadin auduga da maɓalli da shafi a ƙasa wanda ba ya yoyo.

Ni ban ga abin kunya a nan ba. Da shi kakanninmu suka yi zamaninsu. Mai tsabta da ƙunzugu ta fi wadda ta wuni da auduga ɗaya tun safe har dare don tsoron kada ƙunshin ya ƙare. Abin da ke raba lafiya da cuta shi ne yadda aka wanke shi, da inda aka shanya shi.

Wankin ba wuya. Da kin cire, ki ɗauraye da ruwan sanyi har ruwan ya daina ja. Kada ki fara da ruwan zafi, domin zafi dafa jini yake yi ya kama zaren, kamar yadda ƙwai ke daskarewa a tukunya. In ya riga ya bushe, ki jiƙa shi kamar rabin sa'a cikin ruwan sanyi da ɗan gishiri, sa'an nan ki cuɗa da sabulu, ki ɗauraye sosai. Sabulun da ya saura a yadi shi kansa yana jawo ƙaiƙayi. Ki ware masa bokitinsa, kada ki bar shi ya kwana biyu a jiƙe, kada kuma ki yi aro ko ki ba da aro, ko tsakanin ya da ƙanwa. Wadda tabo ke damunta har take neman zuba bilic mai yawa ta kwantar da hankalinta. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani cewa in an wanke najasa sosai, launin da ya ƙi fita ba ya hana tsarki. Bilic kuwa cinye yadi yake yi, ya kuma ci fata.

Wajen shanya ne ake yin ɓarna, kuma nan nake so mu tsaya. Mace za ta wanke tas, sai ta rataya shi bayan ƙofa, ko ta shimfiɗa ƙarƙashin katifa, ko ta cusa shi a lungun banɗaki inda rana ba ta taɓa shiga ba. Dalili biyu ne. Na ɗaya kunya, watau kada miji ko ƙanin miji ko yaran gida su gani. Na biyu tsoro, domin tun muna yara ake gaya mana cewa in maƙiyi ya sami tsumman mace zai yi mata asiri ta daina haihuwa. A gidan haya mai ɗaki goma da igiyar shanya ɗaya, ko gidan da ke da kishiya, wannan tsoro ba ƙarami ba ne, kuma ba zan yi wa kowa dariya a kansa ba. Amma ki duba abin da ke faruwa. Yadi mai ninki huɗu ko biyar ba ya bushewa a duhu, balle da damina. Samansa ya bushe, cikinsa da danshi, kuma danshi da ɗumi su ne gonar ƙwayoyin cuta. Ki ɗaura wannan a jiki, bayan kwana kaɗan ga ƙaiƙayi, ga ƙuraje, ga wari, ga fitar farin ruwa, sai a ce ai sanyi ne, a tafi kemis a kashe kuɗin da ya fi na audugar da aka guje wa.

Rana ita ce maganin, kuma kyauta ce. Ki shanya a igiya, ki yafa masa siririn mayafi ko tsohon ɗankwali, ki kama da abin maƙale shanya. Mai wucewa mayafi zai gani, rana da iska kuwa suna ratsawa, da hunturu ma ya tare miki ƙura. In hadari ya hana, ƙunzugun zane zalla a bi shi da dutsen guga mai zafi. Mai shafin nan da ba ya yoyo ban da guga, ban da tafasawa, domin narkewa zai yi. Don haka guda biyu ba su isa ba, ki nemi biyar ko shida, kina canzawa bayan sa'a huɗu zuwa shida, wasu na jiki wasu na igiya. In wata ya wuce ki adana su a jakar yadi, ba cikin leda ba.

Sauran magana ta hukuma ce. Kowace shekara ran 28 ga Mayu, tun 2014, ana bikin ranar tsabtar al'ada ta duniya, a tara 'yan makaranta a raba musu irin wannan ƙunzugu na zamani, a ɗauki hoto a watse. Madalla da kyauta. Amma yarinyar da ke makarantar kwana inda ake layin bokiti ɗaya na wanka da wanki, ko wadda ke sansanin 'yan gudun hijira, da wane ruwa za ta wanke, da wane sabulu, a ina za ta shanya? Ƙasar Kenya ta yi doka a 2017 cewa Gwamnati ta riƙa ba 'yan mata na makarantunta auduga kyauta. In mu ba mu kai nan ba, ai katange ɗan fili bayan ɗakin kwanan 'yan mata a ɗaura igiya bai fi ƙarfin kowace makaranta ba.

Ran da kika je ziyara ko taron iyaye da malamai, ki ja uwar ɗakin kwana gefe ki tambaye ta inda yara ke shanya, ki ce ta kai ki ki gani da idonki. Kafin hutu ya ƙare kuma ki zaunar da 'yarki ki nuna mata wankin nan da hannunki, ki sa mata sabulu guda na musamman da tsohon mayafi cikin akwati.