Lafiya Uwar Jiki: Ciwon Ƙahon Zuciya, Da Batun Kanwa Da Madara

A wannan mako za mu yi magana ne a kan ciwon nan da ke kama mutum a saman ciki, daidai ƙahon zuciya, wanda yakan zo ya tafi, ya lafa wata guda ko biyu sa'an nan ya dawo kamar mai bin bashi. A garin Suleja, inda muka zagaya kwanan nan, da wuya ka zauna a majalisa ko teburin mai shayi ba ka ji wani ya dafe ƙirji ya ce olsarsa ta tashi ba. In ka tambaye shi wane likita ne ya faɗa masa olsa ce, watau gyambon ciki, sai ka tarar shi ya yanke wa kansa hukunci, ko kuwa mai kemis ɗin unguwa ne ya yanke masa.

Ba abin mamaki ba ne a yawaita wannan kuka a Suleja. Tun da aka kafa dokar sabon babban birnin tarayya a 1976, garin ya bar wa birnin sunansa na Abuja ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau, sa'an nan gwamnati ta tare can a 1991, sai Suleja ta zama makwancin dubban ma'aikata da leburori da direbobi waɗanda kuɗin haya ya hana su zama cikin birnin. Mutum zai fito da asuba ya bi ta Madalla da Zuba bai sa kome a bakinsa ba sai goro, ya wuni a kan ruwan leda, ba zai ga abincin kirki ba sai bayan isha'i, ya cika ciki da mai maiƙo da yaji ya kwanta nan take. Da gari ya waye jiki ya yi tsami, sai ya nemi maganin ciwon jiki ya haɗiya ya sake kama hanya.

Galibin mutane sun ɗauka yunwar nan ce ke haƙa gyambo a tumbi. Likitocin duniya ma sun daɗe suna ɗora laifin a kan damuwa da yawan ruwan tsamin da tumbi ke fitarwa, wanda suke kira asid. Amma a 1982 wasu likitoci biyu a birnin Perth na ƙasar Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka tabbatar da wata ƙwayar cuta mai lanƙwasa da ke iya zama cikin tumbi duk da tsaminsa, wadda yanzu ake kira Helicobacter pylori. Da abokan aikinsu suka ƙi yarda, sai Marshall ya ɗauki ruwan da aka raini ƙwayar a ciki ya shanye a 1984, kuma cikin 'yan kwanaki tumbinsa ya kumbura, ya kama amai. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel saboda wannan aiki. Wajen rabin mutanen duniya suna ɗauke da ƙwayar, kuma binciken da aka yi a Borno aka buga a 1992 ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka gwada suna da alamarta a jini. Akan ɗauke ta tun ana yara, ta ruwan sha marar tsabta da cunkoson gida. Da yawa za su rayu da ita har tsufa ba ta taɓa damunsu ba, amma ita ce babbar mai haddasa gyambo ga wanda ya same shi. Yunwa da yaji suna tsokanar miki ne wanda ya riga ya samu.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi shafar mutanenmu kai tsaye domin da hannunmu muke saye, shi ne magungunan kashe ciwon jiki irin su aspirin da ibuprofen da diclofenac da piroxicam, har da garin Alabukun, wanda aspirin ne mafi yawan abin da ke cikinsa. Tumbi yana da wata majina da ke lulluɓe bangonsa don kada tsaminsa ya ci shi, su kuwa waɗannan magunguna suna rage ta. Mai tallan magani a tasha ko cikin mota zai ƙulla maka ƙwaya huɗu ko biyar a leda ya ce haɗin gajiya ne, alhali kuwa biyu ko uku daga ciki duk dangi ɗaya ne, ka kuwa sha su da cikin da babu kome. Tsofaffi masu ciwon gwiwa da ke shan irin wannan kullum su ne suka fi shiga haɗari, don kuwa wani lokaci jini ne zai fara ɓallewa kafin su ji wani ciwo. Wanda ke fama da ƙahon zuciya, in ciwon kai ko na jiki ya kama shi, paracetamol ya fi masa sauƙi, muddin bai wuce ƙa'ida ba. Wanda kuma likita ya ɗora a kan ƙaramin aspirin saboda zuciya, kada ya daina da kansa, ya koma ya yi wa likitan bayani.

To, sai dai ba duk ciwon saman ciki ne gyambo ba. Akwai ƙwannafi, inda tsamin tumbi ke hauhawa maƙogwaro, musamman in an kwanta da cikakken ciki. Akwai tsakuwar matsarmama, wadda ciwonta ya fi karkata dama a ƙarƙashin haƙarƙari, yakan taso bayan an ci maiƙo, kuma ta fi samun mata da masu sikila. Akwai ciwon hanta. Akwai ma waɗanda za a duba tumbinsu tsaf ba a ga kome ba, ga shi kuwa ciwon na gaskiya ne. Biyu ne nake so mai karatu ya riƙe da kyau: ciwon zuciya kan zo wa dattijo ko mai ciwon sukari da siffar olsa, da gumi da ƙuncin numfashi, haka kuma mai juna biyu da cikinta ya tsufa, in ta ji ciwo a ƙahon zuciya tare da ciwon kai ko kumburin fuska, a kai ta a auna jininta a ranar, domin yana iya zama share fagen jijjiga.

Yanzu bari mu zo ga magungunan gida, mu fara da kanwa. Gaskiya ne in aka jiƙa ta aka sha takan kashe tsamin ciki, mutum ya yi gyatsa ya ji sanyi, kuma wannan ne ya sa iyayenmu suka yarda da ita. Amma sauƙin na ɗan lokaci ne, ba ta warkar da miki, ba ta kashe ƙwayar cuta, ga ta da gishiri mai yawa wanda ke cutar mai hawan jini da mai ciwon ƙoda. Madara ma haka take. Wani likitan Amurka mai suna Bertram Sippy ya fito da tsarin ba masu gyambo madara da garin kashe tsami kowace sa'a a 1915, asibitocin duniya suka bi shi shekara da shekaru, daga baya aka gane cewa madarar takan kwantar da ciwo da fari sa'an nan ta sa tumbi ya ƙara zubo tsami. Wanda ke shan kofi guda don jin daɗi babu laifi, amma kada ya lissafa shi cikin magani. Zuma da ruwan ɗumi da ɗan kunu marar tsami suna lallashin ciki, citta kaɗan tana rage tashin zuciya, iyakarsu ke nan. Jiƙe-jiƙen da ake sayarwa cikin gora ba tare da an san abin da aka zuba ba, ni dai ba zan ba ɗan'uwana ba.

Abin da ya fi duk waɗannan amfani a gida ba ya cin ko kwabo. A karya kumallo kafin a fita, ko da ƙosai biyu da koko ne. A rage girman tuwon dare, a bar sa'a biyu ko uku tsakanin cin abinci da kwanciya, mai ƙwannafi kuma ya ɗaga kan gadonsa da bulo. A bar taba, domin tana hana miki warkewa, a bar giya, a rage goro da shayi mai kauri a kan yunwa. Yaji kuwa kowa ya san cikinsa: in yana tayar maka, ka bar shi. Mai azumi ya jinkirta sahur, kada ya buɗe baki da lemon kwalba da soye-soye, in kuwa an taɓa tabbatar masa da gyambo mai zubar jini, ya ga likita tun watan Sha'aban.

In ciwo ya wuce mako biyu ko uku yana dawowa, lokacin asibiti ya yi. Akwai gwajin bayan gida da ke nuna ko ƙwayar tana nan da rai, kuma ya fi gwajin jini, wanda ba ya bambanta tsohon kamu da sabo. Sai dai a gaya wa likita in ana shan omeprazole, don yakan ɓoye ƙwayar, shi ya sa ake dakatar da shi mako biyu kafin gwaji. In an same ta, maganin haɗi ne: mai rage tsami guda, da masu kashe ƙwayar cuta aƙalla iri biyu, har kwana 14. A nan ne mutanenmu suke yin asara. Mutum zai sha kwana huɗu, ya ji sauƙi, ya ajiye sauran don wata rana, ƙwayar ta farfaɗo ta kuma saba da maganin. Wasu kuma sun mayar da omeprazole kamar goro, shekara biyu suna sha ba wanda ya taɓa duba su.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida: aman jini ko amai mai kama da dusar gahawa, bayan gida baƙi ƙirin mai kama da kwalta, rama ba dalili, abinci na tsayawa a maƙogwaro, idanu su yi rawaya, ko ciwo mai tsanani farat ɗaya wanda ciki zai ƙage kamar katako, alamar tumbi ya huje ke nan. Haka nan wanda ya haura shekara 55 ciwon ya fara masa sabo, domin tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ƙwayar nan cikin masu jawo dajin tumbi. Mutumin Suleja ya fara da Babban Asibitin garin, in ana bukatar a zura na'urar leƙa tumbi sai a tura shi gaba, ga Asibitin Koyarwa na Gwagwalada da Asibitin Ƙasa na Abuja duk ba su da nisa. In zai tafi, ya tattara duk ƙwayoyi da jiƙon da yake sha ya tafi da su a leda, likita ya gani da idonsa.

Sai mun sadu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu, inda za mu duba batun ciwon hanta.